Shekarar da Na Ce Mota Ce Za Ta Kwashe Dawar Baba

Shekarar da aka fara damƙa mini babbar mota ina da mata da 'ya'ya biyu, furfura ma ta fara leƙowa a gemuna, amma wanda ya ga tafiyata a cikin garinmu Fassi a makon nan zai rantse jirgin sama aka ba ni. Mota ce mai taya goma, tsohuwa tukuf, wadda duk direbobin Alhajin da ya ɗauke ni aiki suka ƙi karɓa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta waje, sai na zagaya ɗaya gefen na rarrafo ta kan kujera. Ni duk ban ga wannan ba. Makulli na gani. Na ɗaura masa jan zare ina kaɗa shi a yatsa, har a ƙofar masallaci.

Kafin nan na yi shekaru ina acaɓa tsakanin Kibiya da Rano, daga baya na koma jan wata a-kori-kura ina kai tumatir da albasa kasuwannin ƙauye. Sai wata biyar da na yi ina koyon babbar mota a hannun wani dattijo cikin direbobin Alhaji, wanda kowa ke kira Oga, muna kai taki da siminti garuruwan da ke kusa da Kano. Duk aikin da na taɓa yi a rayuwata, in rana ta faɗi ina gida, in ya yi tsanani washegari. Don haka da aka ce tafiyata ta farko Legas ce, zan kai wake, sai na ɗauka aikin da na sani ne, hanyar ce kawai ta ƙara tsawo.

Na ari rular makarantar 'yata na ja layi a takarda. Litinin lodi a Kano. Talata a kama hanya. Alhamis Legas. Juma'a a sauke kaya. Asabar a juyo. Litinin ta sama ina gida. Talata da Laraba kuwa na rubuta musu hutu da manyan baƙaƙe, har da jan layi biyu a ƙasa. Ban nuna wa Oga ba, shi da ya fara bin hanyar nan tun ina rarrafe, saboda a ganina abu ne a fili, ba sai an wahalar da manya ba.

Lokacin kaka ne, ana tsakiyar yankan dawa. Gonar Baba tana bayan gari, ita ce abincin gidanmu na shekara, daga tuwon dare har kokon safe. A bayanta kuma akwai rugar wani dattijon Bafillatani da muke kira Baffa, wanda ya zauna a nan tun kafin a haife ni, yana kiwo yana nomansa. Kowace kaka, da zarar an ɗaure dammuna, Baffa zai ɗaura wa bijimansa biyu amalanke ya kwashe su zuwa gidanmu, sawu-sawu, kwana biyu ko uku. In an gama, Baba ya bar masa gonar, shanunsa su shiga su ci kara, su zauna a ciki su bar mana taki. Ba a taɓa zama an yi ciniki a kan haka ba. Baba bai taɓa aika masa ba ma. Daga ruga yake hango an tara dami, sai kawai a ji ƙarar amalanke.

Abin kuma yana da lokaci. In kaka ta yi nisa, mai unguwa zai sa a yi shela a sa ranar sakin dabbobi. Daga ranar nan awaki da tumakin gari da shanun makiyaya duk za su bazu cikin gonaki, wanda ya bar amfaninsa a daji shi ya so, ba shi da ƙarar da zai kai.

Ranar Asabar kafin in tafi na leƙa gona, da fararen kaya, ranar aiki. Na tarar da su biyun a tsaye a bakin kunya suna duba zangarniya.

"Malam, bana kam Allah ya sa albarka," in ji Baffa. "In an gama ɗauri zan kawo bijimai."

Ba ni aka yi wa magana ba. Amma bakina ya riga ni.

"Baffa, bana ka hutar da shanunka. Mota ce za ta kwashe dawar nan. Sawu ɗaya, an gama."

Ya dube ni, ya dubi Baba. "Mota?"

"Mai taya goma. Dawar nan gaba ɗaya ko rabin bodi ba za ta cika ba. Ba wannan Talatar ba, ta sama, ina hutu. Da hantsi za ku ji hon."

Na jira Baba ya kwaɓe ni, don mutum ne da ba ya son cika baki. Sai na ga yana murmushi. Ni ne ɗan da bai ƙarasa makaranta ba, bai kuma iya noma ba, in na ja kunya sai ta karkace Baba ya biyo bayana yana gyarawa. Ban taɓa yin abin da ya sa ya dube ni haka ba. Ya juya wajen Baffa ya ce, "To ka ji, maƙwabci. Bana yaron ne zai yi. Kara dai yana nan naka, da an kwashe ka shigo da su."

"Madalla," in ji Baffa. "Allah ya tsare hanya."

Abin da ban faɗa musu ba, don ni ma ban tsaya na faɗa wa kaina ba, shi ne ban taɓa tambayar Alhaji ko zai bar ni in zo da motarsa ƙauye ba. A raina tunda makulli na hannuna, zance ya ƙare.

Litinin da asuba ina kasuwar hatsi a Kano, na goge gilashi, na buɗe bodi. Motar Oga na gefen tawa, tare za mu tafi. Har azahar ban ga buhu ko ɗaya ba. Na je na sami ɗan kamashon da ya haɗa lodin, ya ce mai kaya bai gama tara wakensa ba, amma gobe in sha Allah. Na dawo ina huci na gaya wa Oga an ɓata mana yini guda. Yana kwance a kan tabarma a ƙarƙashin motarsa yana sauraren rediyo, ya ce mini to. Sai ranar Alhamis aka ɗaure tampol. Na fito da takardata na matsar da komai gaba da kwana uku, na cinye hutun Talata da Laraba, na ga har yanzu abin bai lalace ba.

Motar ce ta fara nuna mini nata tsarin. Ba mu daɗe da wuce Abuja ba lagireto ya fara yoyo, muka yi yini guda a gaban bakanike. Da muka tashi muka faɗa cikin cunkoson da tun hantsi har la'asar ina kallon bayan tankar mai guda ɗaya, har na haddace rubutun da ke jikinta. In hanya ta miƙe, motar ba ta gudu. In an zo hawa, sai in riƙa yi mata magana ina lallashi. Ranar da muka shiga Legas, bayana ya ƙage, ƙafafuna sun kumbura, na duba waya don in ga ko wace rana ce. Talata ce. Ita ce Talatar da na ce za a ji hon da hantsi.

Ko minti goma ba a yi ba Baba ya kira.

"Muna gona tun safe. Jiya aka gama ɗauri. Ka kusa ne?"

"Ina hanya, Baba. An ɗan samu tsaiko. Asabar in Allah ya yarda."

"To ba komai. Dawa ba ta gudu. Ka bi a hankali."

Asabar ɗin nan ban san daga ina na ciro ta ba. A gaban siton da za mu sauke kaya, motocin da suka riga mu sun yi layi har sun sha kwana. Kwana huɗu muka yi ana matsawa kaɗan-kaɗan. Can muke wanka da ruwan jarka a bayan taya, can muke dafa shinkafa da wake a kan risho, can muke shanya wanki a jikin madubi. Kafin in fara aikin nan, in na tuna direban babbar mota, mutum nake gani a kan sitiyari, gwiwar hannu a taga, yana ratsa garuruwa ana kallonsa. Babu wanda ya gaya mini yawancin aikin zama ne a kan tabarma ana korar ƙuda.

Da aka sauke buhun ƙarshe, ban ko share bodi ba na zagaya na rarrafa na tayar da mota. Oga ya zo ya tsaya a jikin taga.

"Ina zuwa, ɗan Fassi?"

"Gida mana, Oga. An sauke."

"Da me?"

"Da mota."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira wasu direbobi biyu ya ce su zo su ji. Sannan ya gaya mini abin da kowa ya sani ban da ni: mota ba ta komawa Arewa fanko. Man da za ta sha wa zai saya? Sai an samu kayan da za a juyo da su. Muka koma wani gareji inda motocin Arewa ke jiran lodi, muka shimfiɗa tabarmi. A nan ma akwai ɗan kamasho, shi ma kuma maganarsa ɗaya ce, gobe in sha Allah. Ni kuma in na karɓi goben nan da safe, sai in ƙara mata kwana ɗaya don in nuna hankali, in miƙa wa Baba da yamma a matsayin jibi zan taso.

A kwana na uku a garejin nan maiɗakina ta kira ni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"An yi shela. Juma'ar nan za a saki dabbobi. Kuma jiya Baffa ya zo da amalanke har gona."

Na ji wani sanyi a raina. Na ce, "Alhamdulillahi, an fara kwasa ke nan?"

"Wace kwasa? Baba ya ce ya koma, ɗansa yana tafe da mota. Kowa a garin nan ya kwashe nasa, saura mu. Don Allah in ka san ba za ka samu zuwa ba ka gaya masa."

Na ce mata ita ba ta san harkar mota ba. Na kashe waya. Ni da na sani, ga ni nan zaune da gajeren wando a ƙarƙashin mota ina tsince tsakuwa a shinkafa.

Oga ya ji komai, don tabarmarsa na jikin tawa. Ya bari muka ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Ka sa wa mahaifinka rana ne?"

Na ba shi labari. Har takardar na ciro na nuna masa, ta sha gyara har ta kusa hujewa. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Ka ga, a aikin nan mutum uku ne ke da iko da lokacinka. Mai kaya, da mai mota, da ita motar. Kai ne na huɗu, kuma ba a tambayarka. 'Ya'yana bakwai, biyu kawai na ga sunansu. Tun ina sabon hannu na daina cewa ran kaza zan dawo. In an tambaye ni, sai in ce in mun sauke. Kuma wa ya ce maka Alhaji zai bar motarsa ta shiga gona?"

Ya mayar mini da takardata.

"Ɗauki waya yanzu ka ce wa tsohon nan ya bar Bafillatanin ya kwashe masa abincinsa. Kunyar minti ɗaya ce."

Na ɗauka kuwa. Na koma bayan mota inda ba kowa, na tsara maganar a bakina, na kira. Baba ya ɗauka da murna. Kafin in buɗe baki ya ce liman ya tambaye shi ni bayan sallar azahar, ya gaya masa ina Legas da babbar mota, ina nan tafe. Ya ce yaran unguwa kullum sai sun tambaye shi ko za a bar su su hau baya. Ya ce, "Maƙwabcina ma ya zo, na ce masa a'a, ai magana ɗaya ce, an riga an yi." A muryarsa na ji murmushin nan na bakin gona.

Na ce, "Jibi zan taso, Baba."

Ba zan ɗora wa kowa ba. Tsoro ne ya hana ni. Sau ɗaya a rayuwata mahaifina ya yi alfahari da ni a gaban mutane, na kasa karɓe abin da hannuna. Na kuma riƙa ruɗin kaina cewa in lodi ya fito gobe, in motar ta yi kirki, in Alhaji ya tashi da fara'a, zan iya riskar Juma'ar nan. Da na dawo Oga ya dubi fuskata, ya juya ya ƙara muryar rediyonsa.

A kwana na shida lodi ya fito, har guda biyu. Ɗaya na Kano, ɗaya na Gombe. Na miƙe ina kakkaɓe riga ina cewa ai ni na Kano zan ɗauka, ina da uzuri. Aka dube ni kamar na yi magana a cikin huɗuba. Oga ya yi ƙoƙari, ya kira Alhaji ya ce a yi musanya, aka ce na Kano kaya ne masu nauyi, tsohuwar motata ba za ta ja ba. Dama haka tsarin yake, babba ya zaɓa, sabon hannu ya ɗauki abin da ya rage. Muka yi sallama da Oga a bakin gareji. Ya ce, "Har yanzu wayarka tana da caji."

Juma'ar sakin dabbobi ta same ni a gefen titi, wani gari da ban san sunansa ba, ina jiran mai faci. Maiɗakina ta kira. Ta ce ranar Alhamis Baffa ya sake zuwa da bijimai, ya ce ko a kai dawar gida a ajiye, in mota ta zo sai ta ɗauki wani abin. Baba ya ce masa ya gode, amma ba zai kunyata yaro ba. Yanzu tun asuba Baba yake tafiya gona da sanda, ba ya dawowa sai magariba, yana korar awaki. Abinci ma can ake kai masa. Shanun kowa suna cikin gonaki suna cin kara, na Baffa kuwa ya tsare su a bayan ruga, don gonar da suka saba shiga ba a kwashe ta ba, har yana taya Baba korar na wasu.

Daga ranar na daina kiran Baba. In ya kira, sai in ce ina tuƙi. Wani lokacin gaskiya ne.

Na sauke a Gombe, na yi kwana biyu, aka haɗa ni da lodin Kano. Ranar da na shiga garejin Alhaji, kwanana ashirin da huɗu rabona da gida, a tafiyar da na rubuta wa kwana takwas. Na wanke fuska na shiga ofishinsa na durƙusa na gaishe shi. Ya yi mini sannu da hanya, ya ce ya ji ban kayar masa da mota ba, madalla. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ina roƙon alfarma, a ba ni motar yini ɗaya in kwaso wa mahaifina dawa a Fassi.

Ya cire tabarau. "Dawa buhu nawa?"

"Dammuna ne, Alhaji. A gona suke."

"A gona." Ya daɗe yana kallona, ba da faɗa ba, kamar dai yana son ya tabbatar lafiyata ƙalau. "Malam, motar nan yau bakanike zai kwana a kanta, jibi tana da lodi. In ta nutse a yashin gonarku wa zai ciro ta? Ba ku da masu amalanke a garinku ne? Je ka ga iyalinka, gobe da yamma ka dawo."

Na shiga motar haya zuwa Rano, a kujerar baya, an matse ni da wata mai kaji. A Rano na tsayar da ɗan acaɓa, sai ga shi abokin aikina ne na da, wanda na yi wa sallama ina ce masa ni da babur har abada. Ya ce, "A'a, direba! Ina motar?" Na ce tana sabis. Na hau bayansa muka nufi Fassi. Da muka kusa gari na ce ya sauke ni tun kafin gidajen farko, na bi wata siririyar hanya ta bayan gari wadda ba ta bi ta ƙofar masallaci, na nufi gona kai tsaye.

La'asar ta yi. Tun daga nesa na ga wurin ya canza, na kasa gane abin da ya canza sai da na matso. Daga babbar hanya zuwa gonarmu 'yar turba ce da amalanke ke bi da ƙyar. Yanzu ta zama fili. An sare shingen bini-da-zugun da ke bakin gonarmu, wanda kakana ya dasa, an janye shi gefe ya bushe. Kwarin da ruwa ya ci a tsakiyar hanya an cike shi da duwatsu da ƙasa, an daddaɓe. Ɗorawar da ke bakin shiga, wadda mahaifiyata ke samun kalwar daddawa a jikinta, an datse mata babban reshen da ya rankwafo kan hanya. Ga wani tsohon daro a gefe, da gatari, da fartanya.

Baba na zaune a jikin tarin dammuna da sanda a kan cinya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɗora dammunan a kan duwatsu da itace, amma na ƙasa gara ta riga ta shige su, na gefe kuma awaki sun yage su, tsabar dawa ta zube ko'ina. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har sandar ta faɗi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma idonsa na bayana, yana duban hanya.

"A bakin titi ka bar ta? Je ka shigo da ita, na gyara. Ban san faɗinta ba, sai na tsaya a titi na ga wata ta wuce na kwatanta. Sama ma na rage reshen, kada ya taɓa ta." Ya nuna mini da hannu, na ga tafinsa duk ya faffashe. "Ko bai isa ba? In bai isa ba a ƙara."

Ban tashi daga durƙuson ba. Na ce, "Baba, motar ba za ta zo ba."

"Sai gobe?"

"Ba gobe ba, ba jibi ba. Ba tawa ba ce, Baba. Tuƙi kawai nake yi. Ban taɓa tambayar mai ita ba sai yau, ya ce a'a. Tun ina Legas ya kamata in gaya maka, na kasa."

Ya dubi hanyar tun daga bakin gona har inda ta haɗu da babba. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki sandar nan ya sauke mini a baya, da na ji sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya dogara.

"To ka je ka gaya wa Baffanka da bakinka," ya ce. "Ni sau biyu na mayar da shi. Ba ni da idon da zan kalle shi."

Na tafi ruga. Na tarar da Baffa yana ba shanu ruwa, duk sun zabge, ƙasusuwan kwankwaso a waje. Na durƙusa a cikin kashin shanu na fara jero bayani, lagireto, layi, Gombe. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ka dawo lafiya? To alhamdulillahi. Riƙe mini igiyar nan." Ashe amalanken na nan a shirye a bayan bukka, ko igiyoyin ɗauri bai sauke ba.

Muka shigo ta sabuwar hanya. Amalanken ya bi tsakiya, ya bar fili hagu da dama wanda wani amalanken zai wuce. Baffa bai dubi shingen da aka sare ba, bai dubi ɗorawa ba. Ya yi wa Baba sallama kamar jiya suka rabu, Baba ya amsa kansa a ƙasa. Muka fara lodi, muna ware dammunan da gara ta ci gefe guda. Sun fi yadda na zata yawa. Na san tun a lokacin cewa tuwon gidanmu ba zai kai damina ba.

Tun da na yi wayo, in an ɗora sawun farko Baba ne ke shiga gaban amalanke har gida. Ya bi ta ƙofar masallaci, mutane na yi masa barka da kaka, yana amsawa, yana zare zangarniya yana miƙa wa yara. Ranar nan da aka ɗaure igiya, Baffa ya tsaya yana jiransa. Baba ya ce mini, "Wuce gaba ka kai. Zan biyo ku."

Na wuce gaba. Muka shiga gari ana shirin sallar magariba, ƙofar masallaci cike. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Direba, sannu da zuwa! Wannan ce mai taya goman?" Aka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, don na ci a yi mini, har na ce musu saura takwas suna hanya. Wani dattijo a cikinsu bai yi dariya ba. Ya leƙa bayan amalanke ya ce, "Ina Malam?"

Na juya. Ba ya bayanmu. Can nesa na hango shi ta tsakanin gidaje, shi kaɗai da sandarsa, yana bin siririyar hanyar bayan gari, wadda na biyo ɗazu don kada a gan ni.